Mai Tsohuwar Motar Gudu Ya Riƙa Rubuta Tarihin Gyaranta a Waya

A tambayi matashin da ke tuƙa tsohuwar BMW ko Fijo 406 mai ƙofa biyu a cikin Jega yaushe datarsa za ta ƙare, zai faɗi rana har da awa. A tambaye shi yaushe aka yi wa motarsa juyen baƙin mai, sai ya ɗan yi shiru, ya ce kamar bayan Sallah ne. Wace Sallah, ƙarama ko babba, shi ma sai ya kira bakanikensa. Bakaniken kuwa motoci nawa suka shiga garejinsa tun daga lokacin?

Wannan shi ne ramin da masu irin waɗannan motoci suka fi faɗawa. Motar gudu da ta haura shekara 20 tana iya ci gaba da aiki lafiya, muddin akwai wanda ya san abin da aka yi mata da ranar da aka yi. Babu wanda ya dace da wannan aikin sai mai ita, kuma babu inda ya dace ya ajiye bayanin kamar wayar da ke aljihunsa dare da rana.

Motar ta tsufa, yanayin kuma ba nata ba ne

BMW samfurin E36 an fara ƙera ta a 1990, wadda ta gaje ta, E46, aka daina yin ta a 2006. Fijo 406 mai ƙofa biyu ta shiga kasuwa a 1997. Mafi yawansu sun gama yawo a Turai ko Amurka kafin su iso nan, sun ratsa hannu uku ko huɗu, kuma littafin sabis ɗinsu ya daɗe da ɓata. Sabon mai ita takardun mallaka kawai yake karɓa da makulli.

Ga kuma yanayin Kebbi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana toshe matatar iska. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40, yana gajiyar da batir, yana busar da robobi. An san E46 da raunin kayan ruwanta: tankin ruwan roba ne, bakin lagireto ma roba ne, idan suka tsufa sukan fashe babu sallama. Injin ya yi zafi sau ɗaya sosai, gasket ya ƙone, daga nan magana ta tashi daga sayen roba ta koma sauke inji.

Fijo 406 mai shan fetur kuwa bel ne ke haɗa juyawar sama da ƙasan injinta, wanda kanikawa ke kira tamin bel. Idan ya tsinke ana cikin tafiya, yawanci fistin yakan bugi bawul ya lanƙwasa su. Bel ɗin ba ya ƙara kafin ya tsinke, ba a kuma ganinsa daga waje. Abin da kawai ke faɗa wa mutum lokacin canza shi ya yi shi ne kwanan wata da adadin tafiyar da aka rubuta ranar da aka saka shi.

Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, aka kuma saki darajar naira a watan da ya biyo baya, kayan gyaran da ake shigowa da su suka yi tsada ƙwarai. Kuskuren da a da ake gyara shi da kuɗin aljihu, yanzu yakan ajiye mota a ƙofar gida wata da watanni. Wani kuskuren ma ya wuce kuɗi. Hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Aliero da Jega, ta nufi Maiyama da Koko har Yawuri, hanyar manyan motoci ce masu ɗaukar albasa da shinkafa da dabbobi. Wanda birkinsa ya ƙi kamawa a bayan tirela ba zai samu damar tuna ranar da ya canza man birki ba.

Abin da za a rubuta bai da yawa

Layi ɗaya ya isa a duk lokacin da aka taɓa motar: kwanan wata, adadin da mita ke nunawa, abin da aka yi, sunan kayan da aka saka, garejin da aka yi aikin, da kuɗin da aka kashe. A haɗa da hoto biyu, na mita da na galan ɗin mai ko kwalin kayan. Duka ba zai ci minti biyu ba.

Akwai abu uku da wannan rubutu ke kamawa waɗanda ƙwaƙwalwa ba ta kamawa.

Na farko, bambancin mil da kilomita. Motar da ta fito daga Amurka mitarta mil take ƙirgawa, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Idan bakanike ya ce a dawo juye bayan tafiyar 5,000 yana nufin kilomita, mai mota kuma ya jira mitarsa ta ƙara 5,000, to ya yi kusan kilomita 8,000 da man da ya gaji. Motar da ke nuna 120,000 a mil ta riga ta yi fiye da kilomita 193,000.

Na biyu, abubuwan da lokaci ke cinyewa ko da mota tana ajiye. Man birki yana shan danshi daga iska, shi ya sa kamfanin BMW ya ce a riƙa canza shi duk shekara biyu. Taya ma tana tsufa ko da zanenta bai goge ba. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan aka ga 2318, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2018. Mai sayen taya ta hannu ya ɗauki hoton lambar kafin mai faci ya ɗaura ta.

Na uku, shan mai. A cika tanki, a rubuta mita. Idan aka sake cikawa a rubuta lita da sabuwar mita. Misali, motar da ta yi kilomita 320 da lita 40 tana yin kilomita 8 a lita ɗaya. Idan bayan wata biyu lissafin ya sauko zuwa 6, alhali hanya da salon tuƙi ba su canza ba, akwai abin da ya taɓu: filogi, matatar iska, iskar taya, ko birki mai riƙewa. Rubutun ya faɗa tun kafin motar ta tsaya.

Wace manhaja?

A Play Store akwai manhajojin da aka yi don wannan aikin, irin su Drivvo da Fuelio. Suna lissafa shan mai da kansu, suna kuma tunatarwa. Amma kafin a zuba bayanan shekara guda a cikin kowace manhaja, a yi mata tambaya uku. Tana buɗewa babu intanet? Domin a kan hanyar ƙauyukan Maiyama sabis yakan ɗauke. Tana ajiye kwafi a wani wuri kamar Google Drive? Domin waya tana faɗawa ruwa, ana kuma sace ta. Tana bari a fitar da bayanan a matsayin fayil? Domin manhajar da ba ta bari a fitar da bayani, ranar da masu ita suka rufe ta ko suka saka mata kuɗi, tarihin motar ya tafi da ita.

Saboda haka, ga mafi yawan mutane, shafi ɗaya a Google Sheets ya wadatar. Yana buɗewa babu data idan aka saita shi, yana kuma bin mutum zuwa sabuwar waya. Wanda yake ganin ko wannan ya yi masa nauyi, WhatsApp ta ba da damar mutum ya tura wa kansa saƙo tun ƙarshen 2022. Ya tura hoton mita, ya rubuta abin da aka yi a ƙasa, ko ya yi saƙon murya da Hausa. Kwanan wata yana hawa da kansa. Sannan ya buɗe kalandar waya ya saka tunatarwa: juye, duba ruwa, duba birki, sabunta takardu. Hanyar da mutum zai iya riƙewa shekara biyar ta fi wadda zai yi mako biyu yana yayi ya watsar.

Na'urar duba inji ba ta maye gurbin rubutu

Yanzu matasa da yawa sun san ƙaramar na'urar nan ta ELM327 da ake cusawa a ƙasan sitiyari ta haɗu da waya ta Bluetooth. Ƙofar da ake cusa ta mai rami 16 ce, tsarin OBD-II, wanda ya zama dole ga motocin Amurka daga 1996, ga motocin fetur na Turai kuma daga 2001. Da manhaja irin Torque ana ganin zafin ruwa a lamba, ana karanta dalilin da ya sa fitilar inji ta kama. P0300, alal misali, tana nufin wuta na tsallake a silinda daban-daban.

Na'urar tana da amfani, amma abin da ke faruwa yanzu kawai take faɗa. Ba ta san shekarun bel ba, ba ta san irin man da aka zuba ba. Mafi muni, tana da maɓallin goge lamba, kuma wasu na gogewa su ga fitila ta mutu su ɗauka gyara ya yi. A ɗauki hoton lambar a saka ta cikin tarihin kafin a goge. Idan ta dawo sau uku cikin wata biyu, bakanike ya samu bakin zare. A kuma cire na'urar idan mota za ta kwana biyu a ajiye, domin wasu masu araha suna jan batir.

Uzurorin da aka saba ji

Wani zai ce mitar motarsa ta mutu, ko an juya ta baya kafin ya saya. Gaskiya ne hakan na faruwa. To ya yi aiki da kwanan wata da litar fetur. Ranar da ya sayi motar ita ce rana ta ɗaya: ya ɗauka ba a canza komai ba, ya canza mai da matattara da man birki da bel, ya fara ƙirga daga nan.

Wani kuma zai ce bakanikensa zai ji haushi, ya ga kamar ba a yarda da shi ba. Bakanike na kirki daɗi yake ji idan aka kawo masa mota da tarihinta, domin ba zai ɓata yini yana lalube ba. Kuma ba kullum mota ke lalacewa a gaban garejin da ta saba ba. Ɗalibin jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero da motarsa ta tsaya a Koko, baƙon bakanike zai duba ta, kuma tambayarsa ta farko ita ce me aka taɓa yi mata. A nan ne ake gane, misali, cewa wani ya taɓa cire mata tamostat, abin da wasu gareji ke yi da sunan maganin zafi.

Akwai kuma ranar sayarwa. Mai saye ba ya ganin cikin inji, shi ya sa yake taya kowace tsohuwar motar gudu da farashin mai matsala. Wanda ya buɗe waya ya nuna hotuna da kwanan wata na shekara uku yana da abin da zai tsaya a kai wajen ciniki.

Duk mai irin wannan mota zai iya farawa yau ba tare da ya kashe ko naira ɗaya ba. Ya fita ya ɗauki hoton mita, da lambobin tayoyi huɗu, da batir. Ya kira bakanikensa su tuna abin da za su iya tunawa, ya rubuta. Abin da suka kasa tunawa, shi ne zai fara kai wa gareji a wannan makon, kafin ya sake hawa hanyar Maiyama.