Dogayen Kalmomin Turanci

A wannan mako maganata da akawuna ce da malaman makaranta, a kan dogayen kalmomin nan na Turanci da kan sarƙe harshen mai karatu a bainar jama'a, har a zaci bai iya ba, alhali kuwa ya san ma'anarsu sarai.

Ku sani doguwar kalma haɗe-haɗe ce. Yawancinsu daga Latin da Faransanci aka samo su, tun ba bayan Normawa sun ci Ingila a 1066 ba. Ku dubi "international". Tushenta "nation", watau al'umma. Aka liƙa mata "inter" a goshi, watau tsakani, da "al" a ƙeya. Ai mu ma haka mu kan ɗauki karanta mu ƙera makaranta da makaranci.

To, in ka gamu da irinta, fara yanka ta gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa da wasali guda a wajen faɗi: ad-min-is-tra-tion, gaɓa 5 ke nan. Kada ka cusa wasali inda babu, yadda muka mai da "bread" burodi. Wannan daidai ne a Hausa, amma a Turanci aibu ne.

Sa'an nan sai ka nemi gaɓar da a ke dannawa. Mu tsawon wasali da hawa da saukar murya ke raba mana ma'ana, kamar gari na zama da gari na tuwo. Su kuwa nauyin gaɓa ne: "record" in an danna farkonta suna ce, in an danna ƙarshenta aikatau ce.

Sau da yawa ƙeya ke nuna inda nauyin ya ke. Kalma mai ƙarewa da "tion" ko "ity", gaɓar da ta rigayi ƙeyar a ke dannawa: "ca" a cikin "education", "bil" a cikin "responsibility". Haka yawancin masu "ic", ko da ya ke "Arabic" ta kauce. Shi ya sa "photograph" a ke danna "pho", amma "photographic" nauyin ya koma kan "graph".

Inda ka yi shakka duba ƙamus, akwai alamar nauyi a ciki. Malamai musamman su kula, gama kuskuren malami ɗaya na aji ne duka, icce kuwa tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Allah ya sa mu dace, amin.