Dogarin Kotu, Mai Taɓin Hankali Amana Ne a Hannunka



Mu da ke riƙe da alƙalamin fadar Sarkin Zango, mu ake turawa mu raka iyali kotu idan taɓin hankali ya kama ɗansu har dabara ta ƙare musu. Abin da muka gani a wata kotu ya hana mu yin shiru. An shigo da wani saurayi, dogarin kotu na jan wuyan rigarsa yana daka masa tsawa da Turanci, 'yan kallo sun ɗaga wayoyi suna ɗaukar hoto, mahaifiyarsa ta rufe fuska da mayafi. Alhali yaron bai saci akuyar kowa ba.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Gana ta 2012, mai lamba 846, ta ba kotu ikon sa a kwantar da mutum asibiti ko bai yarda ba, idan likitoci sun shaida ana tsoron ya cutar da kansa ko waninsa. Ƙarshen wannan zama Pantang ne ko Ankaful, inda ake magani. Don me za a ja shi kamar mai tafiya kurkukun Nsawam?

Ga abin da ya rataya a wuyan dogari. Ya miƙa sammaci ga iyali cikin sirri. Ya zaunar da mara lafiya kusa da wanda ya saba da shi. Ya hana ɗaukar hoto. Ya sanar da alƙali idan ana bukatar tafinta. In ciwon ya motsa, ya nemi ma'aikacin jinya kafin ya tuna da ankwa.

Za a ce dogari ma yana tsoron ransa. Ba mu musa ba. To, hukuma ta koya masa yadda ake lallashin mai firgici, domin tsawa ƙara hura wutar take yi.

Uwar da ta ga wannan wulaƙanci ba za ta sake kusantar kotu ba. Ɗaki za ta koma ta ɗaure ɗanta da sarƙa, asibiti bai gan shi ba. Alhakin wannan sarƙa, dogari na da kaso a ciki.

Saboda haka duk iyalin da aka kira irin wannan zama, su biyo ta fada a haɗa su da ɗan rakiya. In an ci zarafin mara lafiya, za mu rubuta koke ga magatakardan kotu, mu sa hannu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.