ZAUREN 'YAN MATA: Ranar Da Aka Ce In Zubar Da Bugun Da Na Iya

Bari in fara da ba da haƙuri ga masu aiko da saƙo suna tambayar ina aka kwana a kan kashi na biyu na littafina. Wallahi ba mantawa na yi ba, hannu ne ya yi ciwo, kuma labarin ciwon hannun na ɗebo muku yau. Wata ɗaliba ma daga Kalgo cewa ta yi wai ta gan ni da idonta a bayan gari ina ta dukan ƙasa da sandar ƙarfe kamar mai kashe maciji, shin Anti lafiya kuwa? Lafiya lau ƙanwata, ki kwantar da hankalinki, ba iskoki ba ne, golf ne.

Na san za ku ce ina 'yar Gwandu ina golf, garin da in baƙo ya zo hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo za a kai shi, ba filin wasa ba. To, abin da ya faru shi ne, bayan na gama sakandare an tura ni Kano wajen Gwaggona, ni kuwa da ma abin nema ya samu don ina son in kai rubutuna wajen masu buga littattafai. Mijinta tsohon soja ne, ba shi da abin da yake so kamar golf, duk Asabar da asuba yana filin golf na Kano. Wata rana yaron da ke ɗaukar masa jaka bai zo da wuri ba, sai Baba ya ce in rako shi in sha iska. Daga rakiya na ɗauki sanda, daga ɗaukar sanda sai ga shi na kamu.

Ga wadda ba ta taɓa gani ba, wasan ba shi da wuyar fahimta. Fili ne makeke mai ramuka 18, kowane rami bakinsa bai wuce na babban kofi ba. Ƙwallon ba ta kai ƙwan kaza girma ba amma tauri kamar dutse. Za ki buge ta daga nesa, ki bi ta da ƙafa, ki sake bugu har ta faɗa rami, wanda ya gama ramukan da bugu mafi ƙaranci shi ya ci. Doka ba ta yarda mutum ya ɗauki sanduna fiye da 14 a jakarsa ba. Ƙwararru sukan gama filin duka da bugu saba'in da 'yan kai ko ƙasa da haka, ni kuwa a lokacin in na yi 110 sai in kwana ina murmushi.

Babu wanda ya koya mini, ido na sa na kwaikwaya. Kuma ku dai kun san hannun da ya tashi da taɓarya, duk abin da aka ba shi sama zai ɗaga shi ya maka a ƙasa. Haka nake yi, in ɗaga sandar tsaye bisa kaina da ƙarfin damtse, in sauko da ita kamar mai faskare. Wani abin mamaki ƙwallon takan tashi, sai dai in ta yi nisa kaɗan ta karkace dama kamar ayaba ta faɗa cikin itatuwa. Sai na koyi dabara, in juya in fuskanci hagu tun farko don ta karkato ta dawo tsakiya. A haka na yi wata takwas ina jin kaina.

A nan ne kuma wani bawan Allah ya shigo labarin, ba zan faɗi sunansa ba don na san ƙannensa na karanta wannan mujalla. Dogo ne, mai fara'a, ya iya sa hula. Duk bugun da na yi, ko ƙwallon kwata ta faɗa, sai ya tafa ya ce, "Ranki ya daɗe, ai ko a Turai sai an tona kafin a samu irinki." Wace budurwa ce ba ta son jin haka? Ni dai kaina ya fashe.

Wuyan hannuna na hagu ne ya fara tona mini asiri. Da dare sai ya yi ta zugi, alƙalami ma da nake riƙewa da dama sai in kasa zama in yi rubutu don gwiwar hannun ita ma ta ɗauka. Ran nan ina zaune ina matsa wurin, sai wani dattijo cikin masu ɗaukar jaka, wanda tun yana yaro yake filin, ya tsaya a kaina ya ce, "'Yata, in faɗa miki gaskiya ba za ki ji haushi ba?" Na ce, "Faɗi mana Baba." Ya ce, "Ba golf kike yi ba, daka kike yi. Ƙasa kike duka, ita kuma tana rama wa a hannunki." Jama'a, ji na yi kamar in nutse, don mutumin nawa yana tsaye a wurin.

Na ce to a gyara mini ɗan wurin da ya ɓaci. Ya girgiza kai ya ce babu ɗan wuri, riƙon ba daidai ba, tsayuwar ba daidai ba, kuma kowane kuskure na ɗora wani a kansa don ya rufe shi, in aka cire ɗaya sauran za su zube. Ko dai in ci gaba a haka har hannun ya hana ni, ko in rushe duka in fara daga tushe kamar wadda ba ta taɓa ganin sanda ba. Nan take na tuna da maƙwabtanmu mutanen Aliero da suka shahara da ɗori, inda muke jin in ƙashi ya haɗe a karkace sai an sake ɓalla shi kafin a ɗaure shi daidai. Kwana uku ina fushi da dattijon nan, ranar na huɗu na koma na gaishe shi.

Sati biyu ya yi yana nuna mini, sai lokacin komawata gida ya yi. Baba ya ba ni tsohuwar sanda guda, mai lamba 7, da ƙwallo shida. Da Innata ta gan ni da ita a Gwandu sai ta riƙe haɓa ta ce, "Ke ɗiyar ga, kin tai Kano buga littahi kin dawo muna da sandar makahi?" A tsakar gidanmu dai ba wurin kaɗa sanda, ranar farko na kusa fasa randa. Don haka da kaka ta yi aka cire gero, sai na tattara na tafi Kalgo wajen kakata, wadda ke da gona a bayan gari mai yashi lallausa.

Riƙo muka fara rushewa, kuma shi ya fi ba ni wuya. Da a tafin hannu nake damƙe sandar kamar taɓarya. Yanzu an ce a yatsu za ta kwanta, in na duba hannun hagu in ga ƙullin yatsu biyu ko uku, tsagar da ke tsakanin babban yatsa da manuni ta nuna kafaɗar dama, kuma kar in matse, kamar na riƙe ɗan tsako. Dalilin kuwa shi ne tsohon riƙon yana barin fuskar sandar a buɗe lokacin da ta haɗu da ƙwallo, ga shi kuma ina saro ta daga waje zuwa ciki, sai ƙwallon ta tafi tana juyi a gicciye, juyin nan ne ke lanƙwasa ta dama. Sati uku ban bugi komai ba, riƙewa kawai nake yi in saki, har a kan tabarma da dare.

Sai juyin jiki. Ashe ƙarfin ba a damtse yake ba, a ƙafa da ƙugu yake. Kafaɗa za ta juya har bayanki ya kalli inda kike son ƙwallon ta je, nauyinki ya koma ƙafar dama, sannan ƙugu ya fara warwarewa, hannu ya biyo baya, ki ƙare tsaye a kan ƙafar hagu kina fuskantar gaba. Dattijon ya ce in maƙale tawul a hammata biyu, in ya faɗi to hannu ya gudu ya bar jiki. Ya kuma ce in ja layi a yashi in riƙa bugu, sandar ta taɓa ƙasa a kan layin ko gabansa kaɗan, ba bayansa ba. Wannan ne dukan macijin da ƙanwata ta gani. Don kar ƙwallayena shida su ɓata, aduwa da guntayen totuwa nake bugawa. Kakata kuwa tana gindin bishiya tana cewa, "Kishiya, in daka kika so ga turmi nan, mu samu hura."

Abin da ba wanda ya shirya ni a kansa shi ne lalacewar da na yi. A wata na biyu ba tsohon, ba sabon. Sai in kaɗa sanda in wuce ta saman ƙwallo fiu, yara masu kiwo suna kwashewa da dariya. Ana cikin haka mutumin nawa ya zo gaishe da kakata tun daga Kano, ya biyo ni gona, ya ga na yi bugu biyar ba wadda ta tashi. Ya ce, "Haba gimbiya, wa ya ɓata miki wasa? Ki koma yadda kike, ai ya fi kyau." Daren nan na yi kuka, kuma ba zan ɓoye muku ba, washegari na yi tsohon bugun sau ɗaya a ɓoye, ƙwallon ta tashi ta yi ayabarta, hannun kuma ya amsa.

Baba ne ya ƙarfafa ni a waya da labarin Taiga Wuds na Amurka. A 1997, yana ɗan shekara 21, ya ci babbar gasar Mastas da ratar bugu 12, duniya na ta yabo, shi kuwa ya kalli hoton wasansa ya ce bugun bai yi masa ba, ya koma wajen mai horar da shi suka warware shi. A 1998 gasa ɗaya tak ya ci a jerin gasannin ƙwararru na Amurka, mutane suna ta surutu. A 1999 ya ci takwas, a 2000 ya ci tara, ciki har da uku daga manyan gasanni huɗu na duniya. Na ce, "Baba, ai shi sana'arsa ce, ni fa?" Ya ce, "Shi ma shekara ya yi ana masa dariya, ke wata nawa kika yi?"

Wata biyar na yi tsakanin Kalgo da Gwandu kafin in sake taka filin Kano. A rami na farko mutane na tsaye, mutumin nawa na ciki, gabana ya faɗi, ai kuwa hannuna ya ɗaga sandar sama ya yi dakansa kamar ban taɓa zuwa gonar kakata ba. Ranar 121 na yi. Amma a rami na bakwai, da ba kowa sai ni da dattijon, na juya a hankali, ban ma ji na bugi komai ba sai wata 'yar ƙara tas, ƙwallon ta miƙe sambal ta sauka inda na duba. Dattijon bai tafa ba, jakar ya saɓa ya ce, "Mu je."

Yanzu ina tsakanin 102 da 105, hannun ya daina zugi, na kuma koma kan rubutu, kashi na biyu ya kai babi na tara. Shi kuwa mutumin har gobe cewa yake tsohon bugun ya fi kyau a ido. Ya turo magabatansa Gwandu, an ce a ba ni lokaci in yi shawara, kuma ban ba da amsa ba tukuna.

Ƙanwata ta Kalgo, in kin sake hango ni a gona ki ƙaraso mu gaisa, sai dai ki tsaya ta bayana da ɗan nisa. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.