Likitan Gobe Tsakanin Biro da Gadon Majinyaci

Da wuya a sami ikilisiyar da ba ta taɓa yin addu'a domin Allah ya ba ɗaya daga cikin 'ya'yanta gurbin karatun likita ba. Idan yaro ya samu shiga Zariya ko Jos ko Maiduguri, mukan yi baiko na godiya, daga nan sai mu zauna jiran ranar da za a kira shi likita. Abin da ba mu cika tambaya ba shi ne yadda yinin yaron nan yake ƙarewa a asibitin koyarwa.

Karatun likita a Nijeriya shekara 6 ne. Kusan rabinsu na ƙarshe a cikin asibiti ake yi, sannan a ƙara shekara 1 ta aiki ƙarƙashin manyan likitoci kafin a ba mutum cikakken lasisi. A waɗannan shekaru ake so ɗalibi ya koyi sauraron ƙirji, da taɓa ciki, da sa ƙarin ruwa, da karɓar haihuwa. Amma kukan da muke ji daga bakin 'ya'yanmu shi ne, takarda ta cinye lokacin. Da safe a aike shi neman fayil da ya ɓata, da rana ya cika takardar gwajin jini ya kai da ƙafarsa, da la'asar ya bi layi karɓo sakamako. Kafin ya dawo, babban likita ya gama zagayen marasa lafiya.

Matsalar ba tamu kaɗai ba ce. A Amurka, wani bincike da aka buga a 2016 ya nuna cewa a kan kowace awa 1 da likita ya yi gaban majinyaci, yakan yi kusan awa 2 a kan kwamfuta da aikin tebur. Bambancin shi ne, a wurinmu ƙarancin ma'aikata ke sa kayan ya faɗo kan wanda ba shi da bakin cewa a'a, wato ɗalibi.

Ra'ayinmu shi ne, takardun asibiti iri biyu ne, kuma haɗa su wuri ɗaya shi ne tushen ɓarnar.

Iri na farko shi ne rubutun da yake jinya ce da kansa: tarihin ciwon mutum, abin da aka gani a jikinsa, maganin da aka ba shi da lokacin da aka ba shi. Wannan ba aikin banza ba ne. Takardar bin naƙuda ita ke nuna wa ungozoma cewa haihuwa ta tsaya, lokaci ya yi a kira likita. Katin mai tarin fuka shi ke nuna ko ya sha maganinsa na wata 6 bai tsallake ba. Likitan dare bai san majinyacin ba, abin da na rana ya rubuta kaɗai yake da shi. Idan an manta rubuta cewa wata allura ba ta karɓi mutum ba, ana iya sake yi masa ita, a rasa rai.

Tarihin ikilisiyoyinmu shaida ne. A 1969 wata nas mai suna Laura Wine ta kamu da baƙon zazzaɓi a asibitin mishan na Lassa, a jihar Borno ta yau. Aka kawo ta Jos, ta rasu. Nas ɗin da ta yi jinyarta ita ma ta rasu, ta uku aka kai ta Amurka ta warke. Likita Jeanette Troup ta bi cutar nan da ido da biro, har ita ma ta kamu ta rasu a 1970. Bayanin farko na alamomin zazzaɓin Lassa da aka buga a shekarar yana ɗauke da sunanta. Ta tsaya bakin gado, ta kuma rubuta abin da ta gani. Ko Luka, wanda manzo Bulus ya kira likita, wanda asibitin Wusasa ke amsa sunansa, da rubutunsa muka san shi: ya bi labari a hankali, ya shirya shi bi da bi. Saboda haka ɗalibi Kirista kada ya rena biro.

Iri na biyu kuwa aike ne kawai: ɗauko fayil, kai jini, kwafe suna ɗaya a takarda biyar. Aikin akawu ne da masinja, aiki ne mai daraja, amma ba shi ya kawo ɗalibi asibiti ba. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda hannunsa bai saba da jikin majinyaci a makaranta ba, gobe hidimar ƙasa za ta kai shi asibitin ƙauye shi kaɗai, a kawo masa mace tana zubar da jini da tsakar dare, babu wanda zai tambaya. Macen nan tana iya zama 'yar zumuntar matanmu.

Akwai kuma jarabar da ya kamata mu kira da sunanta. Ana ba ɗalibi littafin da malami zai sa hannu cewa ya ga aiki kaza, ya yi aiki kaza. Idan lokaci ya ƙure, sai a nemi sa hannu a kan abin da ba a yi ba, ko a rubuta awon jinin da ba a auna ba. Wannan shaidar zur ce, kuma marar lafiya ne zai biya kuɗinta.

To, mene ne abin yi? Hukumomin asibitocin ikilisiya, musamman inda ake koyar da ɗalibai, su ɗauki isassun ma'aikatan ajiyar kati da masu kai saƙo, domin albashin akawu bai kai hasarar likita marar ƙwarewa ba. Manyan likitoci su zauna su karanta abin da ɗalibi ya rubuta, su gyara masa a gaban gado, domin a nan takarda ke zama darasi. Ɗalibai su fara zuwa wurin majinyaci, su gaishe shi, su saurare shi, sannan su rubuta.

Mu ma muna da namu rabo. Mu adana katin asibiti, mu zo da kwalin maganin da muke sha. Idan ɗalibi ya nemi izinin duba mu, muna da 'yancin ƙi, amma mu tuna cewa likitan da muke yabo yau a jikin wani ya koya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ubangiji ya ba 'ya'yanmu hannu mai tausayi da biro mai gaskiya. Amin.