Wa ya koya wa malamin jami'a koyarwa?

Ranar da na fara tsayawa gaban ɗalibai, abu uku aka damƙa mini: alli, jerin sunaye da lambar ɗaki. Ina shekarar farko ta doktora a wata jami'a ta ƙasar nan, aka ce in riƙe TD na ƴan shekarar farko. Na tambayi babban malamin da ke da darasin me zan yi da su, ya ce: "Kai ma ai an koyar da kai, yi yadda aka yi maka." Haka kuwa na yi. Na buɗe tsohon kayena na lisans, na yi ta karanta musu suna rubutawa, awa biyu cur. Da jarrabawa ta zo suka zube, ni kuma na bi sahun masu cewa yaran yanzu ba su da matsayi. Sai da na shekara biyu kafin in yarda cewa rabin laifin nawa ne, sauran rabin kuma na tsarin da ya turo ni aji hannu rabbana.

Jama'a, ku dubi wannan abin mamaki. Wanda zai koya wa ɗan shekara bakwai baƙaƙe, doka ta ce ya bi ta makarantar horon malamai, irin Askia Mohamed da ke nan Damagaram, ya yi gwajin aji ana kallonsa. Mai koyarwa a kolej ko lise akwai ENS ta Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai dominsa. Amma wanda zai horar da likitan da zai duba mahaifiyarka, da injiniyan da zai haƙa mana rijiya, da shi kansa malamin lisen, ba a tambayarsa komai sai takardar master ko doktora. Wai tunda ya iya bincike, koyarwa za ta zo da kanta. Yaushe iya cin tuwo ya zama iya tuƙa shi?

Na san amsar da wasu manyanmu za su bayar, don na sha jin ta: malamin jami'a ba mushen lakwal ba ne, mai bincike ne, ɗalibin jami'a kuma babba ne, ya nemi ilimi da kansa. To, da wane littafi zai nema? Yaron da ya taso daga Tanut ko Magarya ko Gure, ya ci bak da ƙyar bayan shekarun yajin aiki da azuzuwan zana, yana kokawa da Faransancin da ba a yi a gidansu, shi za a ce ya nemi ilimi da kansa a ɗakin da muryar malam ba ta kai layin baya? Ubansa ya sayar da akuya ko buhun gero ya turo shi. In ya faɗi shekarar farko sau biyu ya koma gida, babu mai zuwa ya tambayi yadda aka koyar da shi. Sunansa kawai ke ɓacewa daga jeri.

Tushen abin ba ɓoye yake ba. Ƙarin girman malaman jami'o'inmu ta hannun CAMES yake bi, hukumar da aka kafa a Yamai a 1968, mai mazauni a Wagadugu. Abin da ya fi nauyi a ma'auninta shi ne maƙalun da mutum ya wallafa. Mai hankali kuwa inda ake auna shi nan yake zuba ƙarfinsa, ban ga laifin kowa ba. E, a gasar agregasiyo ta likitanci da shari'a da tattalin arziki ana sa ɗan takara ya gabatar da darasi gaban alƙalai. Amma wannan jarrabawa ce, ba horo ba, kuma tana zuwa ne bayan mutum ya yi shekaru yana gwada hannunsa a kan ƴaƴan mutane.

Abin da ya fi ba ni haushi, mun kwaso tsarin LMD daga Turai, muka ɗauki simista da kiredi da dukan sunayen, muka bar sashen da ke da wahala. Faransar da muke kwaikwayo ta buɗe cibiyoyin koya wa ɗaliban doktora koyarwa tun 1989, kuma daga 2018 sabon malamin jami'a can dole ya yi horon koyarwa a shekararsa ta farko, har a rage masa awa 32 na aji don ya samu sarari. Ban kawo wannan don in yabe su ba. Ina dai cewa in za a kwafa, a kwafa har da gindin.

Balle ma ba sai mun je Faransa ba. Ku shiga kowace tsangaya a Birni ko Zango. Gardi ba ya wayar gari ya zama alaramma. Yana biya wa ƙolo karatu malam na zaune a buzu yana saurare, yana duba allo malam na duba bayansa, in ya karkace a gyara masa nan take. Shekaru ake yi a haka kafin a sallame shi ya kafa tasa. Kakanninmu sun san haddace Alƙur'ani daban, iya sa shi a kan yaro daban. Mu masu digiri ne muka manta.

Za a ce babu kuɗi. Haba! Jami'ar André Salifou, wadda aka kafa a 2010, tana da tsangayar kimiyyar ilimi a cikinta. Masanan dabarun koyarwa suna nan, ƙofa da ƙofa da masu buƙatarsu. Abin da nake nema ba gini ba ne, ba mota ba ce. Kada a ba ɗalibin master ko doktora aji sai ya yi ƴan makonni yana koyon tsara darasi, da rubuta tambayar jarrabawa, da gyaran takarda bisa ma'auni ɗaya, da yadda ake sa ɗaki mai cike da mutane ya yi magana. Babban malami ya shiga ajinsa ya zauna a baya ko sau biyu ne a simista, su tattauna bayan an tashi. A rubuta wannan horo cikin kiredin doktora, don abin da ba shi da maki a jami'a ba ya rayuwa. A kuma biya masu riƙe TD haƙƙinsu kan lokaci, domin wanda ke bin bashin awanninsa na bara ba za ka ce masa ya zo horo ranar Asabar ba.

Ga SNECS da USN kuma ina da tambaya. Mun ga yajin aiki kan albashi, kan kuɗin alawus na ɗalibai, kan zaɓen shugabannin jami'a, kuma da yawansu da hujja. Yaushe za a sa yadda ake koyarwa cikin takardar buƙatu? Ɗalibai sun fi kowa sanin ajin da ake karanta musu polikop na shekara goma da suka wuce, amma a bakin fada da wajen mai shayi suke faɗa.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka faɗi a TD ɗina na farko yana sayar da kayan waya yanzu a Kasuwar Dole. In na bi ta wajen, tashi yake ya gaishe ni, yana ce mini malam.