Bulala ba ta warkar da ciwon rai

Ƴan uwa maza da mata na karkarar Gabi, akwai wata magana da muke ɓoyewa kamar miki a ƙarƙashin zane. Yau zan buɗe ta, ko da wasu za su ji haushina.

A garuruwanmu akwai masu yi wa jikinsu rauni da hannunsu. Wata ta yanki hannunta. Wani ya ƙona fatarsa, ko ya riƙa buga kansa ga bango. In an gani, mi ake yi? Uba ya ɗauko bulala. Uwa ta ce a rufa asiri, kada yarinya ta rasa mijin aure. Maƙwabta su ce iskoki ne, ko sammu, ko shagwaɓa. In abin ya yi yawa a ɗaure mutum da mari kamar ɓarawo.

Ni na ce wannan zalunci ne. Wa ya taɓa dukan mai masassara don jikinsa ya yi zafi?

Masana lafiya sun bincika wannan abu. Da yawa cikin masu yin sa ba mutuwa suke nema ba. Baƙin ciki ne ya cika musu zuciya, sun rasa wanda za su gaya wa. Zafin jiki yakan danne zafin rai na ɗan lokaci. Daga baya baƙin cikin ya dawo, ga kunya a kai, sai su sake. Duka kuwa ƙara musu kaya yake yi. Amma kada wani ya ce tunda haka ne ba komi. Wanda ya saba cutar da jikinsa ya fi sauran mutane shiga hatsarin kashe kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutane fiye da 700.000 ke kashe kansu kowace shekara.

Dalilan kuma ba daga daji suke fitowa ba, a cikin gidajenmu suke. Ga ɗiyar da aka yi wa auren dole. Ga matar da miji ke duka. Ga magidancin da bashi ya ci gonarsa, da saurayin da tramol ya riƙe. Ga kuma wanda ƴan bindiga suka kama, aka biya kuɗi ya dawo, amma barci ya ƙaurace masa. Mu da ke bakin iyaka mun san irin waɗannan dare.

Nakan ji wasu a ajinmu na yaƙi da jahilci suna cewa: "Mu kai ɗanmu wurin mahaukata a kulle shi?" Da an ce ciwon ƙwaƙwalwa sai tunaninsu ya tafi Pavillon E na babban asibitin Yamai. To, ku saurara. Mafi yawan masu wannan ciwo ba a kwantar da su. Mutum ya je ya ga likita, ya dawo gida ya kwana a ɗakinsa, gobe ya tafi gonarsa. Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Tun 1954, a Aro kusa da Abekuta, wani likita Bayarabe mai suna Lambo ya zaunar da marasa lafiya cikin ƙauyuka, kowa da ɗan uwansa mai kula da shi, suna zuwa asibiti da rana kawai. A 2008 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin koya wa ma'aikatan ƙananan gidajen likita yadda za su duba ciwon rai, ba sai babban likita ba.

Ga yadda abin yake. Ku fara da gidan likita mafi kusa. Majo zai wanke raunin, ya yi tambayoyi. Ku bar mai ciwo ya yi magana da bakinsa, in ya so ma ku fita waje. In abin ya fi ƙarfin majo, zai ba ku takarda zuwa Madarunfa ko Maraɗi. Babban maganin shi ne zama da magana: a gano abin da ke tayar da ciwon, a koya wa mutum abin da zai yi in zuciya ta taso. Wani a haɗa masa da ƙwaya, wani ba ya bukata. Ƙwayar baƙin ciki ba ta aiki rana ɗaya, sai ta yi makonni. Kada a bar ta don an ga sauƙi, sai likita ya ce. Ranar da aka ce ku koma, ku koma.

Za ku ce kuɗin mota fa? Gaskiya ne, akwai tsada. Amma baƙin bunsurun da boka ya nema, kyauta aka samo shi? Addu'a kuwa ba wanda ya hana. A yi ta, a kuma je likita. Abin da nake faɗa da shi shi ne bulala da mari da rufe baki.

Kafin ku tafi, akwai aikin gida. Ku zauna da shi ba tare da faɗa ba. Ku tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin mutuwa. Tambayar ba ta sa masa tunanin, an bincika an tabbatar. In ya ce i, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi likita a ranar. Maganin ƙwari na gona da na ajiyar wake, a kulle su, mai gida ya riƙe makulli. In har wani ya riga ya sha, kada a ɗura masa nono ko mai, kada a tilasta masa amai. A ɗauki kwalbar a tafi da ita, don likita ya san abin da ya sha.