Raddi Ga Mai Cewa Hanyar Ƙanƙara Za Ta Ɗaga Darajar Riɗinmu

Wani malami da nake girmamawa ya yi wa manoman Birnin Kudu da Gwaram albishir a rubuce. A cewarsa, narkewar ƙanƙarar tekun Aktik ta buɗe wa jiragen kasuwanci hanya ta saman Rasha, saboda haka kuɗin dako zai faɗi, riɗin da ake aunawa a kasuwar Sara ya yi daraja. Malam ya yi karatu, amma lissafin bai fita ba.

Hujjarsa ta farko ita ce hanyar ta fi kusa. Haka ne, jirgin da ya tashi daga Rotadam zuwa Yokohama yakan rage kusan kashi 40 cikin ɗari na tafiyarsa idan ya bi arewa maimakon mashigin Suwez. To, wane ne a cikinmu yake lodi a Rotadam? Riɗinmu daga Sara sai Dawanau, daga can tirela ta ja shi kimanin kilomita 1,000 zuwa Apapa. Jirgin da zai kai shi Sin ko Japan kudu yake dosa, ya zagaya ta ƙasan Afirka ta Kudu. Ko Suwez ba ya bi, balle Aktik.

Ta biyu, ya kawo jirgin Ever Given da ya toshe Suwez kwana shida a Maris 2021, da hare-haren 'yan Huthi a Bahar Maliya da suka fara a ƙarshen 2023, ya ce hanyar Aktik ce mafita. Malam, mafitar da ba ta buɗuwa sosai sai daga Yuli zuwa Oktoba? Sauran watanni sai da rakiyar jirgin fasa ƙanƙara mai aiki da nukiliya, na kamfanin Rosatom, kuma ba kyauta ba. Ga inshora mai tsada, ga jirgin kansa sai an ƙera shi da jiki mai kauri, ga babu manyan tasoshin da za a sauke kwantena a ɗauki wata a kan hanya, alhali a nan ribar jirgin kwantena take. Kamfanin jiragen ruwa na Maersk ya gwada da jirginsa Venta a 2018, bai mai da ita hanyarsa ba. Kamfanin CMA CGM kuwa tun 2019 ya ce ba zai bi ta ba.

Kayan da suka bi hanyar a 2023 sun kai tan miliyan 36, Suwez kuma ta haura biliyan. Mafi yawan na Aktik ɗin ma mai ne da iskar gas na Rasha. Gas ɗin da ake lodi a tashar Sabeta ta Rasha tun 2017 kasuwa ɗaya yake nema da namu na Boni. Wannan kishiya aka yi mana, ba gata ba.

Ta uku, ya ce gajeriyar hanya na rage ƙona mai. Na yarda da rabin maganar. Ɗaya rabin, ya leƙa madafa ya dubi kunkunniyar da hayaƙi ya manna a rufi. Irinta ce ke fita daga bututun jirgi ta sauka kan farar ƙanƙara, baƙi kuwa zafi yake sha, sai narkewa ta ƙaru. Idan mai ya malala fa? Na jirgin Exxon Valdez da ya zuba a Alaska a 1989 an shafe shekaru ana tono ragowarsa a gaɓar teku. Hukumar sufurin jiragen ruwa ta duniya ta hana baƙin mai a Aktik daga Yuli 2024, amma ta ɗaga wa jirage da dama ƙafa har 2029.

Inda na fi jin nauyin maganarsa shi ne kiran narkewar nan ni'ima. Aktik na ɗumama kusan ninki huɗu na sauran duniya. Ban ce jirgin Rasha ne ya kawo ambaliyar da ta cinye gonaki da gidaje a Jigawa a 2022 ba. Amma zafin da ke narkar da ƙanƙarar can, shi ne ke rikita mana damina a nan.

Abin da ke cin ribar manomin Gwaram a tudu yake: man dizal, ramukan titi, shingaye, da jiran layi a Apapa. An buɗe tashar tsandauri ta Dala a Kano a Janairun 2023. Malam, don Allah ka karkato alƙalaminka wajen neman jirgin ƙasa ya riƙa kwasar riɗi daga can zuwa Legas.